Waya da Ƙanƙara: Tarihin Binne Layukan Lantarki da Sadarwa a Daskararriyar Ƙasa

A arewacin Turai da Rasha da Kanada da jihohin arewacin Amurka, sanyin hunturu yakan ratsa har cikin ƙasa, domin danshin da ke tsakanin ƙwayoyin turɓaya yana zama ƙanƙara da zarar ma'aunin Selshiyas ya sauka ƙasa da sifiri ya daɗe a can, sai ƙasar da ake yanka da shebur a watan Oktoba ta wayi gari a watan Janairu tamkar marmara, diga na tsalle a kanta ba ta kama komai. Zurfin da wannan daskarewa ke kaiwa a shekara shi injiniyoyi ke kira iyakar daskarewa, kuma ya danganta ne ga tsawon sanyin da irin ƙasar da abin da ya lulluɓe ta. Dokar gini ta jihar Minnesota, alal misali, ta ɗauke shi a kan mita ɗaya da 'yan kai a kudancin jihar, mita ɗaya da rabi a arewacinta, yayin da a birnin Winnipeg na Kanada ake binne bututun ruwa a zurfin da ya haura mita biyu, amma duk da haka a hunturun 2014 sanyi ya cim ma bututun, gidaje fiye da dubu biyu suka rasa ruwan famfo. Dusar ƙanƙara, wadda baƙo zai zaci ita ce tushen matsalar, a gaskiya kariya ce ga ƙasa, saboda iskar da ke cikinta tana hana ɗumin ƙasa fita, shi ya sa daskarewa ta fi zurfi a ƙarƙashin titunan da ake sharewa, wato daidai inda galibin wayoyi da bututu ke bi.

Waya dai ba ruwa ba ce, sanyi ba ya toshe ta, kuma ƙasa mai sanyi ma tana taimaka wa wayar lantarki wajen zubar da zafin da take tarawa. Saboda haka ƙa'idar lantarki ta Amurka ta wadatu da zurfin kimanin santimita 60 ga wayar da aka binne kai tsaye ba cikin bututu ba, ko da iyakar daskarewa ta ninka haka. Wahalar tana wajen haƙa ramin, da motsin da ƙasa ke yi idan ta daskare ta kuma narke, da taurin da rufin wayar ke yi a cikin sanyi har ya tsage idan an lanƙwasa shi. Tarihin wannan sana'a, idan aka bi shi daga tushe, ya nuna cewa ƙanƙarar sama ce ta kori wayoyi zuwa ƙarƙashin ƙasa, ƙanƙarar ƙasa kuma ta ƙi karɓarsu sai bisa sharuɗɗanta, kuma abin da ma'aikata suka ƙware a kai cikin shekara ɗari da tamanin shi ne tantance inda ya kamata a narkar da ƙasa, da inda ya kamata a jira ta, da inda ya zama dole a bar ta a daskare.

Masu tangarahu na farko sun fara ne da binnewa, ba da turaku ba. Lokacin da majalisar dokokin Amurka ta ba Samuel Morse dala 30,000 a 1843 domin ya haɗa Washinton da Baltimo, shirinsa shi ne ya zura wayoyin jan ƙarfe cikin bututun dalma ya binne, kuma Ezra Cornell ya ƙera masa wata garma da alfadarai ke ja, wadda ke tsaga ƙasa tana shimfiɗa bututun tana rufewa a tafiya ɗaya. An fara aikin a kaka, amma kafin ƙarshen shekara sai aka gano cewa rufin wayoyin ya lalace tun wajen zura su cikin dalma, wuta na zurarewa, ga shi kuma an ci mafi yawan kuɗin. Da hunturu ya wuce sai aka koma rataya waya a kan turaku, kuma ta wannan layin ne aka aika saƙon farko ranar 24 ga Mayu, 1844. A Jamus ma Werner Siemens ya binne layuka a ƙarshen shekarun 1840, bayan ya rufe wayoyin da gutaparca, wato ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya, sai dai an binne su sama-sama, ƙaron kuma an gauraya shi da kibiritun da ya ci jan ƙarfen, ɓeraye suka ƙarasa sauran, har gwamnatin Furusiya ta koma ga turaku a farkon shekarun 1850. A duka wuraren biyu rashin ingancin rufi ne ya kayar da aikin, ba sanyi ba, amma sakamakon shi ne cewa tsawon shekara talatin duniya ta saba da ganin waya a sararin sama, inda iska da ƙanƙara ke da cikakken iko a kanta.

Jamus ce ta fara komawa ƙasa da gaske. A ƙarƙashin Heinrich von Stephan, shugaban ma'aikatar gidan waya da tangarahu, an binne layi daga Balin zuwa Halle a 1876, kuma zuwa 1881 an shimfiɗa fiye da kilomita dubu biyar a ƙarƙashin ƙasa, domin kada guguwa ta yanke babban birnin daular daga sauran biranenta, ko da yake bukatar soja ma tana cikin lissafin.

Labarin Niyok ya fi wannan hayaniya. A shekarun 1880 titunan Manhattan cike suke da dogayen turaku, kowanne ɗauke da wayoyin tangarahu da na tarho da na fitilun titi da na ƙararrawar gobara, kowane kamfani da nasa, kuma wayoyin kamfanonin da suka durƙushe ba wanda ke sauke su. Thomas Edison ya riga ya nuna cewa binnewa mai yiwuwa ce, domin tasharsa ta titin Pearl, wadda ta fara ba da wuta ranar 4 ga Satumba, 1882, ta rarraba lantarki ne ta sandunan jan ƙarfe da aka sa cikin bututun ƙarfe aka cika da haɗin kwalta. Majalisar jihar ta yi doka a 1884 cewa a binne wayoyi a manyan birane, aka kafa hukumar da za ta kula da hakan a 1885, amma kamfanoni suka yi ta jan ƙafa suna shiga kotu, saboda turke ya fi rami araha nesa ba kusa ba. Sai ga guguwar dusar ƙanƙara ta 11 zuwa 14 ga Maris, 1888, wadda ta kashe mutane fiye da 400 a gaɓar gabashin ƙasar, ta karya turaku, ta zubar da wayoyi masu wuta a kan tituna, ta yanke birnin daga maƙwabtansa, har ta kai ana aika saƙo tsakanin Bostan da Niyok ta Landan, ta wayoyin ƙarƙashin teku. Sau da yawa akan ce guguwar ce ta binne wayoyin Niyok, amma gaskiyar ta fi haka tsawo, domin sai da sabon magajin gari, Hugh Grant, ya tura ma'aikata da gatura suka fara sare turaku a 1889, sannan a watan Oktoba na shekarar wani ma'aikacin waya mai suna John Feeks ya mutu a saman turke a gaban taron jama'a bayan ya taɓa waya mai wuta, kafin kamfanonin su miƙa wuya. Abin da aka gina a lokacin shi ne jerin bututu a ƙarƙashin titi da ɗakunan shiga a mahaɗar hanyoyi, kuma wannan tsari ya warware rabin matsalar hunturu, saboda da zarar an haƙa sau ɗaya a lokacin ɗumi, ana iya zura sabuwar waya a kowane wata ba tare da an taɓa ƙasa ba.

Inda babu irin wannan bututu, ko inda waya ta lalace a tsakiyar Janairu, ba makawa sai an haƙa, kuma hanyar da aka gada tun da ita ce wuta. Akan zuba kwal ko itace a kan layin da za a haƙa, a kunna, a rufe da kwanon ƙarfe domin zafin ya danna ƙasa, a bar shi ya kwana, da safe a kwashe toka a haƙe abin da ya narke, wanda da wuya ya wuce taku ɗaya, sannan a sake hura wata wutar a cikin ramin. Masu haƙar zinariya na Klondike, a yankin Yukon na Kanada, su ne suka mai da wannan aiki sana'a bayan an gano zinariya a can a 1896, domin tsakuwar da ke ɗauke da ita tana ƙarƙashin ƙasar da ba ta taɓa narkewa ba. Da itace ya yi tsada, hayaƙi kuma na shaƙe mutane a cikin ramuka, sai suka koma ga tururi tun kusan 1898: tukunyar ƙarfe tana tafasa ruwa a sama, tiyo na kai tururin zuwa wani dogon bututu mai tsini, ma'aikaci na bugunsa da guduma yana juya shi sannu a hankali yayin da ƙasar da ke bakinsa ke laushi. Daga baya aka gano a Alaska cewa ruwan rafi na lokacin ɗumi, ko da ba a dafa shi ba, yana narkar da ƙasa idan aka yi haƙuri aka bar shi yana ratsawa makonni. Wannan bututun tururi ya bar ramukan zinariya ya shiga hannun ma'aikatan ruwa da na waya, haka kuma masu haƙa kabari, waɗanda a garuruwa da dama na arewa sukan ajiye gawa a wani ɗaki na musamman har ƙasa ta saki, al'adar da ba ta dace da Musulmi da Yahudawan da ke gaggauta jana'iza ba, shi ya sa maƙabartunsu ke dogara da narkar da wurin kabari da wuta ko karya shi da inji.

Tarayyar Sobiyet, wadda ba ta yarda aikin gini ya tsaya don hunturu ba, ta rubuta waɗannan dabaru cikin ƙa'idoji. Mafi araha a cikinsu ita ce rigakafi, wato a nome layin da za a haƙa tun kaka, a rufe shi da tattaka ko garin katako ko busasshen ganye, a bar dusar ƙanƙara ta taru a kai, ta yadda ƙasar ba za ta daskare da zurfi ba. Idan an makara, akan kafa sandunan ƙarfe a ƙasa a saka musu lantarki, a zuba garin katakon da aka jiƙa da ruwan gishiri a tsakaninsu domin wuta ta samu hanyar bi, ko kuma a ɗaga wani ƙaton ƙarfe mai baki da inji a sake shi ya farfasa ɓawon. Ita kanta wayar sai an lallaɓa ta, domin wadda aka naɗe da takardar da ta sha mai ba a shimfiɗa ta a sanyin da ya kai sifiri sai an ɗumama ta tukuna, a cikin rumfa mai murhu ko ta hanyar sakar mata wuta, sannan a yi sauri a kwantar da ita kafin ta huce. Cike ramin ma yana da nasa sharaɗi, saboda dunƙulen daskararriyar ƙasa yana da kaifin da zai yanke rufin waya, kuma idan ya narke da bazara sai ƙasa ta lotsa, titi ya rufta, don haka akan shimfiɗa busasshen yashi ƙarƙashin wayar da samanta kafin a mayar da sauran.

An daɗe ana ganin turaku na fitowa daga ƙasa kaɗan-kaɗan kowace shekara, tituna na kumbura, bututu na karyewa a gaɓa, kuma bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa ruwa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara. Masanin duwatsu Stephen Taber na Amurka ya nuna a 1929 da 1930 cewa wannan bai isa ya bayyana girman kumburin ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, domin ya jiƙa ƙasa da benzin, wanda ke tsukewa idan ya daskare, amma duk da haka ƙasar ta kumbura. Abin da ke faruwa shi ne bakin daskarewar yana tsotso ruwa daga ƙasa mai danshi da ke ƙarƙashinsa, ruwan na taruwa yana zama faifan ƙanƙara zalla, faifai bisa faifai, suna ɗaga duk abin da ke samansu. Gunnar Beskow na Suwidin ya tabbatar da haka a 1935 cikin bincikensa kan tituna da layin dogo. Daga nan aka fahimci cewa ƙasa mai laushin ƙwaya, wadda ke tsakanin yashi da yumɓu, ita ce mafi haɗari, tsakuwa da tsabtataccen yashi kuwa ba su da wannan hali saboda ba sa jan ruwa sama. Wannan sani ne ya sa ake barin ragowar waya a lanƙwashe inda ta fito daga ƙasa ta shiga akwatin mita, ake kuma sa wa bututun da ke hawa bango haɗi mai zamewa, domin idan ƙasa ta tashi ko ta sauka kada ta finciko akwatin daga jikin gida.

A can arewa mai nisa kuwa lissafin ya juya gaba ɗaya, domin akwai ƙasar da ke zama a daskare shekara da shekaru, in ban da ɓawon sama da ke narkewa da bazara, kuma irinta ce ke ƙarƙashin kusan kashi biyu cikin uku na Rasha da kusan rabin Kanada da mafi yawan Alaska. Wani ɗan kasuwa mai suna Fyodor Shergin ya fara haƙa rijiya a Yakutsk a 1828, ya yi ta haƙa har 1837, ya kai zurfin mita 116 bai fita daga ƙanƙara ba, kuma a cikin wannan rijiyar da ba ta ba da ruwa ba ne Alexander von Middendorff ya auna sanyin ƙasa a shekarun 1840, abin da ya gamsar da masanan Turai da ke shakkar labarin. A irin wannan wuri narkar da ƙasa ɓarna ce, domin wani sashe babba nata ƙanƙara ce, idan ta narke sai ta zama taɓo, abin da aka ɗora ko aka binne ya nutse. Ko cire ciyawa da gansakukar da ke rufe da ita ya isa ya fara wannan narkewa, ramin waya ɗan siriri ya zama hanyar ruwa, hanyar ruwan ta zama kwari. Saboda haka a Yakutsk bututun ruwa da na ɗumama gidaje suna bi ta sama a kan ƙafafu, a Norilsk kuma, birnin da fursunoni suka fara ginawa a 1935, aka ɗora gidaje kan ginshiƙan da aka dasa cikin daskararriyar ƙasa bisa dabarar injiniya Mikhail Kim, wanda shi ma fursuna ne a da. Kanada ta bi wannan hanya a Inuvik, garin da aka gina a shekarun 1950, inda bututun ruwa da na bahaya ke bi cikin wani dogon akwati mai rufin hana sanyi da ake kira yutilido, wanda ke tafiya daga gida zuwa gida a saman ƙasa. Bututun man Alaska, mai tsawon kusan kilomita 1,300, wanda aka kammala a 1977, fiye da rabinsa a sama yake, kuma an sa wa ginshiƙansa wasu bututu masu ɗauke da amoniya da ke fitar da ɗumi daga ƙasa a lokacin hunturu domin ta ƙara daskarewa.

A biranen da ƙasa ke daskarewa na 'yan watanni kawai, kayan aiki sun canja amma kalandar ba ta canja ba. Yanzu akan shimfiɗa tiyo mai zagaya ruwan zafi da aka gauraya da maganin hana daskarewa, a rufe da barguna na musamman, kuma abin lura shi ne saurinsa bai wuce na wutar kwal sosai ba, kimanin taku ɗaya a yini, domin zafi yana ratsa ƙasa ne da nasa taki. Akwai zarto mai haƙoran ƙarfe da ke yanka ƙasa, da motar da ke narkar da ita da ruwan zafi tana zuƙe taɓon, wadda aka fi so kusa da bututun gas, da injin huda ƙasa a kwance, wanda Martin Cherrington ya fara ratsa ƙarƙashin kogi da shi a Kalifoniya a 1971, kuma yana iya nutsawa ƙarƙashin ɓawon da ya daskare ya ɓullo a wani gefe. Duk waɗannan kuɗi ne, shi ya sa kamfanonin wuta da na gas da yawa ke ƙara kuɗin haɗi a watannin sanyi, kamfanonin sadarwa kuma sukan shimfiɗa wa sabon mai gida waya ta wucin gadi a kan dusar ƙanƙara, su rubuta sunansa cikin jerin waɗanda za a binne wa tasu idan ƙasa ta narke. Masu gidaje kan ɗauki wannan jira a matsayin sakaci, wani lokaci kuma sakacin ne idan bazara ta yi nisa wayar na nan kwance a kan ciyawa, amma asalinsa lissafi ne mai ma'ana.

Sama kuwa ba ta daina tura wayoyi ƙasa ba. Ruwan ƙanƙarar da ya zuba a gabashin Kanada a Janairun 1998 ya durƙusar da hasumiyoyin ƙarfe kusan dubu da turakun katako dubbai, ya bar miliyoyin mutane cikin duhu da sanyi, wasu har tsawon makonni. Guguwar Gudrun ta 2005 ta sa Suwidin ta duƙufa binne layukan karkara, Finlan kuma, bayan guguwar ƙarshen Disambar 2011, ta yi doka a 2013 da ta kafa wa kamfanoni burin cewa ɗaukewar wuta sanadin guguwa ko dusar ƙanƙara kada ta wuce awa 6 a gari da awa 36 a karkara, abin da ya sa aka binne dubban kilomitoci na waya, akasari da garmar da ke tsaga ƙasa tana shimfiɗa waya, jikanyar wadda Cornell ya ƙera, kuɗin aikin kuma ya bayyana a takardar wutar jama'a har ya zama abin muhawarar siyasa.

A yankunan dausayi na arewacin Kanada da Alaska, hunturu shi ne lokacin aiki, domin da bazara ƙasar ba ta ɗaukar nauyin katafila, sai ta daskare ne ake iya shiga da inji ba tare da an yaga rufin ciyawar da ke kare ƙanƙarar ƙasa ba. A kan haka aka binne bututun man Norman Wells, mai tsawon kilomita 869, cikin hunturu biyu kafin ya fara aiki a 1985, aka lulluɓe gangarensa da ɓarzajjen katako domin rage narkewa, kuma layin intanet na zaren gilashi da ya bi kwarin Mackenzie zuwa Inuvik, mai tsawon fiye da kilomita 1,100, wanda aka kammala a 2017, shi ma an yi babban sashen aikinsa ne a watannin sanyi. Sai dai wannan dama tana raguwa da ɗumamar yanayi, domin a arewacin Alaska kwanakin da hukuma ke ba manyan injuna izinin taka filin tundura, wato fili mai sanyi marar bishiyoyi, sun sauka daga kimanin 200 a shekarun 1970 zuwa kimanin 100 a farkon shekarun 2000, kuma ƙasar da aka amince za ta riƙe ginshiƙai da wayoyi a daskare ta fara laushi a Norilsk da Yakutsk, inda gine-gine da dama suka tsattsage.